Hannun Malam

Tsohon malamin ya ɗaga hannu zai shafa kan wani yaro, sai yaran makarantar kaf suka duƙe, kowa ya kare ƙeyarsa.

Daga Tsafe ya taso a kan jaki, ya kwana Gusau, don ya ga makarantar allon da ɗalibinsa ya buɗe a Bungudu. Tun kafin zuwan Nasara yake horar da ɗalibin nan.

"Me ka yi wa 'ya'yan mutane?" in ji Malam.

Ɗalibin ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, ban rage komai ba. Yadda ka karantar da ni nake karantar da su."

Malam ya miƙa hannu zai ɗago shi. Ƙato da gemunsa, shi ma sai ya kare ƙeya.