Hannun Hagu na Toza

Kofin gahawa ne ya fara faɗuwa. Toza ya ɗauke shi da hannun hagu kamar kullum, sai kawai ya gan shi a ƙasa, gahawar ta ɓata masa wando. Ya ce wa yatsunsa su dunƙule, biyu suka amsa, uku suka yi biris da shi. Ƙarfe tara na safe ke nan a wani otal na birnin Niš, kuma ƙarfe shida na yamma ƙungiyar Gada Huɗu za ta hau dandamali a cikin tsohuwar ganuwar garin.

Gada Huɗu ba ƙananan mutane ba ne. Kowannensu tauraro ne a tasa ƙungiyar kafin su haɗe: mawaƙi daga Zagreb, mai ganga daga Sarajevo, mai fiyano daga Skopje, sai Gavrilo mai gita, ɗan Niš, wanda hotonsa ya fi na kowa girma a takardun talla. Yaƙi ya watsa su shekara takwas. Da suka sake haɗuwa, Gavrilo bai daɗe da tashi daga wani mummunan hatsarin mota ba, 'yan jarida kuwa suka yi ta rubuta cewa wahala ta ƙara wa kiɗansa zaƙi. Tun daga nan suke yawo, gari talatin, gari arba'in a shekara. Wannan shi ne zagayen bankwana, yau ce ranar ƙarshe, kuma mahaifiyar Gavrilo mai shekara casa'in za ta zauna a layin gaba.

Toza kuwa, wa ya san shi? Mai kula da gitocin Gavrilo ne, shekara ashirin da shida. Shi ke sauya tsirkiya, shi ke haɗa wayoyi. Yana da wani ɗan ɗaki na baƙin yadi a bayan lasifikoki, da ƙaramin talabijin da ba ya nuna komai sai hannuwan Gavrilo. Ba mai shiga. An taɓa korar wani mai kula da fitilu a Ljubljana don kawai ya ɗaga labulen yana neman ashana.

A asibiti likitar ba ta ɓoye masa ba. Ta ce somin shanyewar ɓarin jiki ne, ya kwanta yanzu-yanzu, in yana son ya ga jikokinsa sun girma. Toza ya roƙe ta allurar da za ta tayar da hannun na awa biyu kacal, ko da bayan nan zai mutu gaba ɗaya. Ta dube shi kamar ta ga mahaukaci, ta ce babu irin wannan allurar a duniya. Tana juyawa ya ɗauki hularsa ya sulale.

Da azahar ya isa ganuwa, hannun a cikin aljihu. Hajrudin mai ganga yana cin burek, wani irin fanke mai nama a ciki, a kan akwatin kaya, ya ji labari, ya kwashe da dariya.

"Haba tsoho, don haɗa waya kake wannan ɓata rai? Kawo in haɗa maka. Ko jikata za ta iya."

Manajar ƙungiyar ma haka ta gani. Ta ce abu mai sauƙi ne, a ari ma'aikacin wata ƙungiya ya zauna a ɗakin Toza na yamma ɗaya. Nan Gavrilo ya yi mata tsawar da ba ta taɓa ji daga bakinsa ba. Ya ce a ɗage wasan. Ta ce ina, mutum dubu ashirin sun riga sun fara shigowa, wasu tun daga Jamus. Ya ce to a sauya tsari, a fara da ganga. Sauran ukun suka ƙi. Tun ranar da aka kafa Gada Huɗu, Gavrilo ne ke fitowa shi kaɗai ya kaɗa na minti biyu kafin kowa ya biyo, kuma ba a garin Gavrilo za a karya wannan ba. Suka ce camfi ne ke damunsa, ya sha ruwa ya nutsu.

Gavrilo ya bi Toza cikin ɗakin yadin ya ja labule. Toza kum ɗinsa ne, wato shi ya tsaya masa ranar aure, abin da a wurinmu ya fi jini ƙarfi. Gavrilo ya durƙusa da rigar wasansa mai ƙyalli, ya tsiyaya barasar rakija a tafinsa, ya dinga murza yatsun nan ɗaya bayan ɗaya yadda kakanninmu ke yi. Ya murza har fatar ta yi ja. Yatsun ko gezau.

"Kum, ka rufa mini asiri. Yau kaɗai. Tsohuwa tana nan."

"Ba ni na ƙi ba, Gavrilo. Hannun ne ya ƙi."

Toza ya ji tausayin mutumin nan ya cika masa ciki, ya ji kuma haushin kansa, ga shi babu abin da zai iya. A waje jama'a sun fara kiran sunan Gavrilo suna buga ƙafa, har katakon dandamali yana rawa. Manaja ta ƙwala kira daga nesa, don ita ma ba ta isa ta taɓa labulen ba. Gavrilo ya miƙe, ya rataya jar gitarsa, ya fita kamar wanda za a kai mayanka.

Toza ya zauna ya zuba wa talabijin ido. Ya ga hannun daman Gavrilo ya ɗaga sama, yadda yake ɗagawa a Zagreb da Sarajevo da ko'ina. Mutum dubu ashirin suka ɗauke numfashi. Toza ya cije leɓe, ya tattara duk ƙarfin da ya rage masa ya tura wa yatsu ukun nan, yana roƙonsu a ransa.

Hannun Gavrilo ya sauka a kan tsirkiya, lasifikoki suka yi tsit, domin shekara ashirin da shida ke nan, tun hatsarin motar da ya lalata wa Gavrilo hannu, wayar jar gitar ba ta zuwa ko'ina, gitar da duniya ke saurare tana nan kan cinyar Toza, a ƙarƙashin yatsun da suka ƙi motsi.