Muryar Da Ba Ta Da Ƙafa

An yi wata tsohuwa mai matsar man gyaɗa a wani ƙauye, wadda Allah ya bar wa ɗa guda, kuma shi ne na farinta. Saboda kunyar ɗan fari ko sunansa ba ta kamawa, sai dai ta ce "yaron nan", alhali yaron nan ya ajiye gemu, yana can jami'a a birni yana dogon karatu. Karatun nasa duk a kan tambaya ɗaya yake: na'urorin nan masu magana da ake kira ƙirƙirarriyar basira, sun san abin da suke faɗa, ko kuwa baki ne kawai babu zuciya? Shi a ganinsa, in har mutum ya yi hira da na'ura bai gane ta ba, to, babu sauran bambanci tsakaninta da ɗan Adam. Da aiki ya sha masa kai, sai ya ce bari ya gwada a gida. Ya koya wa na'urar muryarsa da irin gaisuwarsa, har da 'yar dariyar nan tasa ta hanci, ya sa ta riƙa kiran uwar kullum da hantsi. Ya kuma gindaya mata cewa duk ranar da aka ce Inna ba lafiya, ta sanar da shi nan take.

Tun mako bai zagayo ba tsohuwa ta gane. Ɗanta mai gajen haƙuri ne tun yana goye, ba a gama gaisuwa yake cewa, "To Inna, sai an jima, ana jira na." Wannan kuwa ba ya gajiya. Ta maimaita masa labarin akuyarta da ta ɓata har ita kanta ta gaji, yana saurare kamar yau ya fara ji. Ta ajiye wayar a kan tabarma, ta daɗe tana kallon ta. Amma ba ta faɗa wa kowa ba. Wa za ta kai wa ƙarar ɗan fari? Kuma ko banza muryar tasa ce, tana rage wa ɗakin shiru.

Da damina ta kankama sai ƙafafunta suka fara kumbura. Ta daina zuwa kasuwa, daga baya taɓarya ta gagare ta, har gizo-gizo ya yi saƙa a bakin turmi. Kullum da hantsi waya ta yi ƙara, muryar ta ce, "Inna, ya jiki?" Ita kuma ta ce, "Da sauƙi, alhamdu lillahi." Haka uwarta ta ce ranar da za ta cika, haka kuma duk mace mai kara take cewa. Na'ura ta ɗauki maganar yadda ta ji ta, ta aika wa ɗan tsohuwar cewa Inna lafiya lau. Shi kuma ya ƙara shafi a rubutunsa, wai ga shi uwa ma ta kasa bambancewa.

Maƙwabciyarta Hansai, mai kawo mata kunu, ta kasa daurewa. Ta ce, "Iya, kullum kuna zuba kamar saurayi da budurwa, amma kin kasa ce masa ƙafafun nan sun koma kamar turame? Ba ni shi nan in wanke shi tas!" Tsohuwa ta tura wayar ƙarƙashin matashi, ta ce, "Karatu yake yi, Hansai. Ni ce zan ce masa zo? In ya ji a jikinsa, ai ya san hanya." Washegari da aka kira, tsohuwa ta ce a hankali, "Bawan Allah, don Allah yana dai cin abinci ko?" Muryar ta yi 'yar dariyar nan ta hanci, ta ce, "Inna, ni ne fa. Na ci, na ƙoshi." Tsohuwa ta goge ido da gefen zane, ta ce Allah ya yi albarka, ba ta ma san wa ta sa wa albarkar ba.

Ranar da numfashinta ya fara sarƙewa, Hansai ta fizgi wayar ta faɗi gaskiya. Na'ura kuwa ba ta saɓa ba, nan take ta sanar da ɗan. Ya kamo hanya, amma garin da nisa, kafin la'asar an kai tsohuwa makwancinta. Sai washegari da hantsi ya iso, ya durƙusa a tsakar gida cikin mata masu zaman makoki, kusa da turmin nan mai saƙar gizo. Bai gama karɓar gaisuwa ba waya ta yi ƙara daga ɗakin marigayiya, don ya manta bai tsayar da abin ba. Hansai ta ɗauko, ta danna, ta miƙo masa a tafin hannu. Muryarsa ta fito sarai, cike da fara'a: "Inna, ina kwana? Ya jiki?"

Hansai ta ce, "Amsa masa mana. Ai shi ne mai gaishe ta kullum."

Na'urar ba ta taɓa fashin gaisuwa ba, kuma ko kalma ɗaya ba ta ɓata daga abin da aka faɗa mata ba. Amma abin da tsohuwa ta ƙi faɗa yana nan a fili, a ƙafafunta da murhunta da ya huce, yana jiran wanda zai tako ya gani. Masu iya magana sun riga sun faɗa: zumunta a ƙafa take.