Masunci da Fararen Duwatsun Mashigi

Tunda kai ma ka ce ido kaɗai ya ishe ka zaɓe, zauna ka ji. Wani masunci ne zai tafi su wani tafki mai nisa, tafiyar kwana biyu a kwalekwale, inda tarwaɗa ke taruwa sau ɗaya a shekara in ruwa ya fara janyewa. Ambaliya ta cinye gonarsa, don haka abin da ya kamo a wannan tafiya shi zai sayar ya ci da gidansa. Kifi kuwa ba ya jiran kowa, in ba a yi bandarsa nan take ba ya lalace. Ashana ba ta jure laimar jirgi, sai ya je wurin maƙerin garinsu aka ƙera masa ƙyastu, ɗan ƙarfen nan da ake bugawa a jikin dutse wuta ta tashi. Maƙerin ya nuna masa nasa dutsen ƙanƙara, fari-fari mai kaifin baki, ya ce, "Malam, hau tudun bayan gari ka nemo irinsa. Amma kada ka sa ko ɗaya a aljihu sai ka ƙyasta ka ga tartsatsi da idonka."

Gogan naka ya dubi tudu ya ga da nisa, ga rana ta take. Da ya sauko mashigi sai ga fararen duwatsu birjik a bakin ruwa. Ya ɗauki ɗaya ya jujjuya, ya ce a ransa ai wannan ma ya fi na maƙeri haske, tsohon nan dai son wahalar da mutane ne da shi. Ƙyastu fa yana cikin aljihunsa! Bugu ɗaya, kai, ko rabin bugu, da ya raba gardama. Ina! Ya cika jaka da su ya tura jirgi. Allah kuwa ya ba shi sa'a, kifin da ya kama bai taɓa kama irinsa ba, tarwaɗa manya-manya har jirgi na neman nutsewa. Ya fede su, ya kafa ragar banda, ya tara ƙirare, ya shimfiɗa audugar rimi, ya yi bisimilla ya ƙyasta. Dutse ya gutsure, gari ya zubo. Ya ɗauki wani, haka. Ya buga, ya buga, har ya ƙuje 'yan yatsunsa, hannunsa ya yi fari fat kamar mai tankaɗe, ko ƙyallin wuta bai gani ba. Ya zaga tafkin kaf, babu komai sai laka da yashi. Ya shanya kifin, hadari ya rufe rana, ƙudaje suka sauka. Kashegari da azahar wari ya hana shi tsayuwa a wurin. Da hannunsa ya riƙa zuba abincin 'ya'yansa cikin ruwa yana hawaye, kuma wallahi ni haushinsa da nake ji ya fi tausayi.

Abin takaicin, da ya dawo bai wuce gida ba, maƙera ya nufa yana faɗa wai ƙarfen ne ba shi da kyau. Maƙerin ya karɓi ƙyastun ya buga sau ɗaya a nasa dutsen, tartsatsi ya watsu har kan rigar masuncin. Sannan ya ɗauki ragowar dutsen mashigi daga jakar masuncin ya ja layi da shi a jikin bango, layi ya fito fari tas. Ya miƙa masa ya ce, "Wannan alli ne. Kai wa mai ɗakinka ta yi kaɗi da shi."

To, ka ji. Ba banza ba Hausawa suka ce, kama da wane ba ta wane.