Furen da Baba ya murje

Wata la'asar a bakin gonarmu ta Cadawa, Baba ya tsinko fure biyu, duka ruwan ɗorawa. Ya murje ɗaya, ya tura min a hanci. Wani wari mai ɗaci.

"Shinshina da kyau! Ɗaya maganin kumburin akuya ne, ɗayan kashe ta yake. Ka gane?"

Na ce na gane. Ƙarya nake, hankalina na wajen kamun fara.

Yau akuyata na kwance, ciki kamar ganga, ni kuma ina tsugune da furfurata ina shinshinar ciyawa. Warin kam na gane shi sarai. Amma haba Baba, na maganin ka murje min, ko na kisan?