Ɗalibin da Ƙwayarsa Ta Ƙi Juyawa

Allon kwamfutar ya sake nuna miƙaƙƙen layi. Ƙwayar ta ƙi juyawa.

Ɗalibin ya cire tabarau ya goge. Aikinsa a baki mai sauƙi ne. Akwai wata ƙwayar sinadari da ido ba ya gani, wadda take kamar ɗan ƙaramin maganaɗisu, kanta na kallon sama ko ƙasa. Za a daskarar da ita cikin tulun ƙarfe, a harba mata igiyoyin lantarki irin na na'urar ɗumama abinci, ta juya inda aka umarce ta. Ta kowa tana bin umarni. Tasa kuwa ta yi kunnen ƙashi, kullum sai ya ce sai gobe, har abokan karatunsa suka sa masa suna Sai-gobe.

Goben ta ƙare. Ruwan sanyin da ke cikin tulun ya kusa ƙafewa, jami'a kuma ta ce idan zangon nan ya wuce babu sakamako, ya tattara nasa ya nasa.

Dakta, shugabar ɗakin gwajin, ta shigo. Mace ce da ba a taɓa ganin haƙoranta a wurin aiki ba. Kowa tana kiransa da sunansa, ban da shi. Ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama idan yana tsaye. Ɗalibai sun daɗe da yanke hukunci cewa ko inuwarsa ba ta son gani.

"Kun duba wayar da ke ƙasan tulun?" ta tambaya.

"Na duba."

"Ku sake dubawa."

Ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara. Wayar ta saki. Ya ɗaure ta, ya miƙe da kyar, ya danna maɓalli.

Layin ya yi tsalle ya faɗo ƙasa. Ya sake dannawa, layin ya koma sama. Ɗakin ya kaure da ihu, wani har ya zubar da shayinsa.

Dakta ta daɗe tana kallon allon.

"Yini ɗaya ba sakamako ba ne," ta ce. "Ku maimaita gobe. Rubutunku kuma a gyara shi, ba ya karantuwa."

"To, Dakta."

Ɗalibai suka fita suna gunaguni: wannan mata ko dutse ya fi ta taushi.

Da ɗakin ya rage su biyu, ta rataye farar rigarta a bayan ƙofa. Ta goge ido da bakin mayafi, ta rusuna, ta karɓi jakarsa da hannu biyu.

"Sannu da ƙoƙari, Baba. Ku zo mu tafi, Mama ta kira ta ce ba ku sha maganin gwiwarku ba."