Aikin Dogo Ya Ƙi Tashi

Farin shafi ne ya fito a majigi, fari fat, sai wani jan rubutu a can ƙasa. Dogo ya sake latsawa. Shafin ya sake fitowa yadda yake.

Ranar kare aikin kammala karatu ce, kuma digirinsa na rataye da wannan allon. Abin da ya kawo uwar garke ce, wato manhajar da ke miƙa wa mutane shafukan intanet, tasa kuwa ta kama layin ganin likita ce. A kwamfutarsa tana gudu lafiya lau. Sai baƙuwar malamar da aka gayyato daga wata jami'a ta ce a dunƙule aikin ya zama fayil ɗaya, a kunna shi a kwamfutar ɗakin, don haka ake miƙa wa mai asibiti. Aka dunƙule, aka kunna, uwar garke ta ce ba ta san zancen ba.

"Karanta mana abin da ta ce," in ji baƙuwar.

"Ta ce... ba ta ga shafukan ba."

"Ina ka ajiye su?"

Dogo ya buɗe folda ya rufe, ya buɗe wata. Ya sake dunƙulewa. Ya kashe kwamfutar ya kunna, maganin duk wanda dabara ta ƙare masa. Tsawon nan nasa da yake taƙama da shi a filin ƙwallo yau ya zame masa kaya, don ba inda zai ɓuya. A bayan ɗaki 'yan ajinsu sun zuba masa ido, a waje kuma yayarsa na zaune kan benci da sabuwar rigar da ta ɗinka masa don hoto.

Gaskiyar magana, Dogo bai san inda shafukan suke ba, domin ko layi ɗaya bai rubuta ba. Saye ya yi. Wani mai shagon buga takardu ya ba shi lamba, ya ce mutumin ba ya son a gan shi, saƙo kawai, amma aikinsa ba ya faɗuwa. Aikin ya iso da umarni guda: a ajiye folda kaza a wuri kaza, kada a taɓa. Bai taɓa ba, bai kuma tambayi dalili ba. Yanzu kunya ta rufe shi har yana jin zafinta a kunnuwansa.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne Dakta, malamin da ya duba aikin, wanda ɗalibai ke kira Ba-Sani-Ba-Sabo. Mutum ne da ke buɗe kowane zango da wa'azi kan satar aiki. Da safen nan ma ya gaya wa baƙuwar cewa rubutaccen rahoton kawai ya karanta, ɗalibai sun yi masa yawa, bai leƙa cikin manhajar kowa ba. Ga shi nan zaune ya sunkuyar da kai, yana ta goge wuya da hankici duk da fankar da ke kansa. Dogo ya ce a ransa: na zubar wa bawan Allahn nan mutunci a gaban baƙuwa.

Baƙuwar ta cire tabarau. "Ɗalibi, kai ka rubuta wannan kuwa? Bari a buɗe shi daga farko, mu bi shi layi-layi."

"Tsoro ne ya kama shi," Dakta ya yi caraf, har kujerarsa ta yi ƙara. "Kai, buɗe fayil ɗin saituna. Ba wannan ba, na ƙasansa. Gangara can ƙarshe. Ka gani? Tana neman shafukan a kan faifan kwamfuta, alhali yanzu suna cikin ƙunshin tare da ita. Ce mata ta karanto daga ciki."

Dogo ya bi baki. Aka dunƙule, aka kunna. Shafin ya fito da kore da fari, har da hoton likita yana murmushi. Baƙuwar ta dubi Dakta ta ɗan jima, ta ce, "Lallai idonka da kaifi." Ta ba Dogo maki na tsira da kai.

Ya ci, amma abin ya ƙi kwanta masa. Yayarsa na guɗa a baranda, shi kuwa ji yake kamar ya saci takalmi a gidan mutumin da ya ba shi masauki. Ya ce mata yana zuwa, ya nufi ofishin Dakta.

"Ranka ya daɗe, ka rufa mini asiri, ni kuwa ban cancanta ba. Aikin nan saye na yi."

Dakta bai ɗago ba. "Ban ji ba. Tafi gida."

"Wallahi sai na faɗa. Mutumin nan ya cuci ɗalibai da yawa, kuma yau ya sa ka jin kunya. Ban san fuskarsa ba, amma ga lambarsa. Bari in kira shi a gabanka ka ji muryarsa."

"Kai, bari! Kada ka..."

Dogo ya riga ya latsa. Daga cikin durowar teburin Dakta wata ƙaramar waya ta fara ringi.