Sojojin Gidan Yashim

Takalmin ya fara cin ƙafar Caleb tun kafin ƙarfe tara, kwamitin majalisa kuwa bai iso ba sai sha ɗaya da rabi. Mutum ɗari biyu cikin sabon kaki suna tsaye a wani fili bayan Gonin Gora, rana na gasa musu ƙeya. Hafsan da ya jera su ya riga ya ja musu kunne: ido gaba, baki a rufe, duk tambayar da aka yi shi zai amsa. Wayoyinsu ma tun safe aka tattara a buhu.

Watanni aka shafe ana cacar baki kan sake fasalin rundunar ko-ta-kwana. An ce an ware sojoji domin ƙauyukan kudancin jihar da 'yan bindiga suka tasa, majalisa ta ce ba za ta sa hannu ba sai ta gani da idonta. To, yau ga idon ya zo cikin motoci masu sanyi, gidan rediyo na watsawa kai tsaye.

Yawancin 'yan kwamitin daga inuwar rumfa suka yi nasu binciken. Mace ɗaya ce, Honarabul Safiya, ta tako cikin rana tana bin sahu-sahu. A na huɗu ta tsaya gaban Caleb, ta karanta sunan da ke ƙirjinsa, sai da ta kira sau biyu kafin ya ɗago.

"Shekara nawa kana aiki, ɗana?"

"Shida, ranki ya daɗe," in ji hafsan daga bayanta. "Ba shi da yawan magana."

Ta ɗan jima tana kallon hannuwan Caleb, baƙi ya zauna a ƙarƙashin faratansa. Ta buɗe baki ke nan shugaban kwamitin ya aiko a tuna mata jirgin ƙasan Abuja ba ya jiran kowa. Ta koma rumfa.

Shugaban ya karɓi lasifika, ya ce kwamiti ya gamsu, waɗannan zaratan yau ɗin nan za su kama hanya. Ya shiga karanta ƙauyukan da za su tsare. Na uku shi ne Gidan Yashim.

Ƙauyen su Caleb ke nan. Shekara biyu mahaifiyarsa, Mama Damaris, tana zaune a ɗakinsa guda a unguwar Television, tun da aka ƙone gidansu aka kashe mahaifinsa a gona. Ba ta rabuwa da rediyo, irin masararta na ƙulle a tsumma ƙarƙashin gado. Ruwa ya sauka sau biyu bana, mutanen ƙauyen sun yi magana da mai babbar mota, kayansu na ɗaure a harabar coci. Kalma ɗaya suke jira daga gwamnati, ga ta an faɗa.

Ya so ya fita daga sahu, ya so ya yi ihu. Ya dubi hafsan, ya dubi masu gadin manyan, ƙafarsa ta ƙi ɗaguwa. Tsoro ne ya riƙe shi, ba wani abu ba. Haka ya tsaya aka yi jawabin godiya, aka ɗauki hotuna, aka ci abinci.

Sai la'asar aka sallame su. Yana karɓar wayarsa ya kira Mama, ba ta shiga ba. Ba sabis a yankin ƙauyensu tun da aka kayar da ƙarfen sadarwa. Ya hau babur zuwa gida, ya tarar da kwaɗo a ƙofa, maƙwabciyarsu Comfort tana kwashe shanya.

"Mama ta wuce tun ƙarfe ɗaya," ta ce tana murmushi. "Har rawa ta taka a gaban mota, ita da jikokin Baba Nuhu na ƙauyenku. Ta ce kar ka damu, ai sojoji za su riga su isa."

Caleb ya zauna a dokin ƙofa, ya riƙe kai. Babu sojan da zai isa Gidan Yashim, yau ko gobe. Shi mai facin taya ne a bakin titin Abuja, shi da sauran duka yau da safe aka kwaso su daga tasha da kasuwa don su cika fili, kuma kafin su fito sai da kowa ya mayar da kakin da aka ara masa.